Kujerun Bakri da Jaridar Tsiya

Duk wanda ya san Badaru Mai Rubutu a unguwar Harra ta Gabas a Madina ya san Bakri, domin da wuya ka ga ɗaya ba ka jiyo muryar ɗayan yana yi masa tsiya ba. Baƙon da ya ji su karon farko sai ya ɗauka yanzun nan za a ba hammata iska. Badaru kan ce Bakri bawan gidansu ne da aka saya aka yi asara, ga ci ga barci. Bakri kuwa ya ce shi tunda yake bai taɓa ganin Bakano mai kunya ba, in an samu guda ɗaya a aiko masa ya je kallo. Abin dariyar shi ne Badaru bai taɓa taka Kano ba. A Gadarif ta Sudan aka haife shi, inda kakansa ya yada zango a hanyar Makka ya ƙi tashi. Bakri ma a bakin tsofaffi kawai ya san Damagaram, shi haifaffen Abeshe ne ta ƙasar Cadi. Garuruwan sun yi musu nisa, amma wasan da ke tsakanin Kanawa da Damagarawa ya biyo su har Madina, suka riƙe shi hannu bibbiyu shekara kusan arba'in.

Kowace Asabar bayan sallar asuba sukan haɗu su nufi Masallacin Ƙuba. Da can da ƙafa suke zuwa, yanzu da gwiwa ta fara gardama sai bas. Su yi nafila, su zauna wajen wani mai ful, wato dafaffen wake, su yagi tamis, burodin tanda mai zafi, kowa na zargin ɗan'uwansa da cinye gefen da ya fi mai, sannan su wuce wurin aiki a unguwar Ranuna. Wani gidan dabino suke yi wa aiki, inda ake tsince dabinon ajwa da na safawi a ware mai kyau a jera a kwali. Da dako Bakri ya fara, ya yi ta hawa a hankali har ya zama mushrif, wato shi ke kula da duk ma'aikatan zauren. Badaru kuwa da yana da shagonsa na rubuta allunan kantuna da burushi, har injin buga rubutu ya zo ya raba shi da sana'ar. Bakri ne ya je ya yi magana aka ba shi tebur a lungun zauren, yana rubuta sunayen manyan mutane da ruwan zinare a kan akwatunan kyauta. Ko a cikin wasa Bakri bai taɓa yi masa gorin wannan ba, kuma Badaru yana sane.

Ana nan sai Walid, ɗan mai gidan, ya karɓi ragamar aiki daga hannun babansa, aka kawo sabon bel mai tafiya da dabino da kansa. Wata safiya ma'aikata suka zo suka tarar an kwashe 'yan kujerun da suke zama a kai suna tsinta. Bakri ya tsaya a tsakiyar zaure ya ce daga yau aiki a tsaye ne, wai hannun mai zaune ba ya sauri, khalas, magana ta ƙare. Bai kalli idon kowa ba da yake faɗa. Masu jini a jika suka yi gunaguni suka haƙura. Amma akwai Khalilu, wani dattijo da ƙafafunsa kan kumbura tun kafin azahar. Sai ka ga ya jingina ƙugunsa da ƙarfen bel ɗin, ya ɗaga wannan ƙafa ya sauke, ya ɗaga waccan, kamar kaza a kan siminti mai zafi. Kujera biyu ce ta rage a zauren kaf, ta Bakri da ta Badaru.

Abin ya ci wa Badaru rai, wallahi ya ci masa rai. Amma ka san me ya yi? Ci gaba ya yi da yi wa Bakri tsiya a kan tumbinsa, da hularsa, da yadda yake hura shayi kamar mai kashe gobara, bai taɓa ambaton kujera ba ko da kuskure. Mutumin da bakinsa ba ya ƙyale komai! Gaskiyar magana ita ce nauyin teburin nan da Bakri ya samo masa yake ji, kuma yana tsoron ranar da zai faɗi magana Bakri ya ƙi yin dariya.

A cikin wannan hali Asma ta zo. Ita ce babbar 'yar Badaru, aure ne ya kai ta Norway, ƙasar da uwarta Ƙaltume ke kira bayan duniya tunda ta ji an ce rana kan yi fushi a can ta ƙi fitowa sosai wata da watanni. A can Asma ta yi karatu, ta kuma sami aiki a wani gida da ke ajiye tsoffin takardun ƙungiyoyin ma'aikata a birnin Oslo. Ta yi umara, ta sauka gidan iyayenta da jakar tsaraba da kuma wata jakar cike da takardu. Wai tarihin wata tsohuwar mujalla take rubutawa, kuma ba za ta bar aikin ya huce ba.

Ranar Juma'a bayan an ci shinkafa an sha shayi, ta baza takardun a kan darduma tana jerawa. Badaru ya miƙa hannu ya ɗauki ɗaya don kawai ya sami abin tsokanarta, sai ya ƙura wa takardar ido. Zane ne da baƙin tawada. Wani ƙaton mutum da doguwar hula kamar tukunya a kife, da sarƙar agogo a kan tumbi, yana zaune a kan rufin masana'anta yana cin cinyar kaza, a ƙarƙashinsa kuma ramammun mutane sun tallabi ginin da kafaɗunsu. Badaru bai iya karanta ko harafi ɗaya na rubutun da ke ƙasa ba, amma bai bukaci karantawa ba. Ya tuntsire da dariya har ya sarƙe, Ƙaltume ta miƙo masa ruwa tana cewa a bar baza mata hotunan masu rai a inda take salla.

Asma ta faɗa masa sunan mujallar, ya gwada ya sake gwadawa, sunan ya ƙi zama a bakinsa. Sai ya ce ta riƙe kayanta, shi dai ya raɗa mata Jaridar Tsiya. Ita kuma da ta ga ta sami mai sauraro, sai ta gyara zama ta fara ba shi labari, tana yi da Hausa tana zamewa cikin Larabci in kalma ta ƙi zuwa. Ta ce fiye da shekara ɗari ke nan, lokacin Norway ba ta da arzikin da take da shi yanzu. Mutane kan shiga masana'antar katako ko ta saƙa da duhu su fito da duhu. Sai wasu masu jera haruffa a maɗaba'a suka haɗa kai da 'yan wasu masu zane da ba su da ko na shayi, suka fara fitar da wannan mujalla, suna tare da jam'iyyar ma'aikata. A bakin ƙofar masana'antu ake sayar da ita, da kuma ɗakunan taron ƙungiya. Lebura wanda ya gaji, wanda doguwar lacca za ta sa shi gyangyaɗi, in ya ga maigidansa an zana shi da kan alade sai barci ya washe. Masu kuɗi da manyan soja da alƙalai duk sun sha cizo. Akan kai editan kotu a ci shi tara, mako na gaba ya fito da zanen alƙalin.

Ta ci gaba da cewa bayan babban yaƙin duniya na farko ma'aikatan suka rabu gida-gida, kowane ɓangare na cewa shi ne na gaskiya, kowa kuma yana son mujallar ta ciji ɗan'uwansa. Alƙalamin da aka saba nuna wa masu doguwar hula sai ya juyo kan mutanen da jiya aka yi zanga-zanga tare. Masu saye suka riƙa janyewa, masu zane suka ɓata da juna, ba a yi shekaru da yawa ba aka rufe ta. Wannan ɓangaren ne Asma ta fi damuwa da shi, a kansa ma take rubutu. Amma Allah na tuba, rabin farko kawai Badaru ya ji. Lokacin da take bayanin rabuwar, shi ya kusanto da takarda gaban hancinsa yana duba yadda mai zanen ya yi tumbin nan da layi ɗaya tak, bai ɗaga alƙalami ba.

Can ya ɗago ya ce, "Su waɗannan masu tumbin, abokan wasansu ne?"

Asma ta yi dariya. "La, ya Baba. Can babu wannan al'adar. Dariya suke yi, amma da gaske suke."

Badaru ya kaɗa kai ya ce lallai jarumai ne, amma ba su da kunya, ta yaya za ka yi wa mutum haka ba wasa tsakaninku? Mu dai, in ji shi, kakanni sun bar mana izini, sai dai ba mu san darajarsa ba.

Abin da Asma ba ta sani ba, domin ba a taɓa gaya mata ba, shi ne babanta tun kafin ya zama mai rubutu mai zane ne. A Gadarif shi ke zana zaki da dawisu a bayan manyan motoci, da kawunan samari a allon masu aski. Da ya zo Madina wani malami ya ce masa ya bar zanen abu mai rai, ya bari, ya koma haruffa. Shekara da shekaru hannun na kwance. Jaridar Tsiya ta zo ta tashe shi, ya wuni yana jin yatsunsa na ƙaiƙayi.

Ranar Litinin da aka tafi cin abincin rana, zaure ya yi tsit, Badaru ya jawo bayan wani kwali ya tsoma alƙalami a baƙin tawada. Bai yi dogon tunani ba, hannun ya san hanya. Ya tara kujerun zauren gaba ɗaya, wata a kan wata, suka yi tsiri har kusan rufi. A can ƙoli ya ɗora Bakri, da tumbinsa da karkatacciyar hularsa da kofin shayi, kumatu a kumbure yana hurawa, ya juyar da idanunsa gefe. A ƙasa ya jera ma'aikata a tsaye, a gabansu wani dattijo da ƙafafu kamar turmi. Kai, zanen ya yi kyau, ba a magana. Duk wanda ya taɓa ganin Bakri sau ɗaya zai gane shi tun daga nesa.

Niyyarsa mai kyau ce, a yadda ya tsara ta. Zai naɗe kwalin ya ajiye sai Asabar, in sun zauna gaban kwanon ful ya zaro ya shimfiɗa. Bakri zai yi dariya ya zage shi tas, saƙon kuma ya isa ba tare da an ɓata fuska ba. A lissafinsa duk abin da Bakano ya yi wa Badamagare wasa ne, da baki aka yi ko da tawada. Bai tsaya ya tuna cewa maganar baki a wurin take mutuwa, tsakanin mutum biyu da suka san juna, tawada kuwa ba ta san wanda ke da izini da wanda ba shi da shi ba.

Tawadar ba ta gama bushewa ba Zakiru ya dawo ɗaukar wani abu da ya manta. Zakiru magidanci ne mai 'ya'ya, ba mai yawan magana ba, yana aiki kusa da Khalilu a kan bel. Ya leƙa ta kafaɗar Badaru, ya yi tsaye, sai ya dafa tebur yana dariya har hawaye. Ya zaro jawwal ɗinsa, wato wayarsa, daga aljihu ya saita. Badaru yana da lokacin da zai ɗora tafin hannunsa a kan kwalin ya ce a'a. Bai yi ba. Rabon da wani ya yi dariya haka don aikin hannunsa tun yana saurayi a tashar motar Gadarif, kuma daɗin abin ya ratsa shi har ƙashi. Abin da ya ce kawai shi ne kada a nuna wa kowa, kuma shi kansa ya san maganar ba ta da ƙafa.

Kafin la'asar hoton ya zaga wayoyin zauren. Washegari ya isa gidajen dabinon da ke maƙwabtaka, ya shiga hannun direbobi, ya tsallaka Harra ta Gabas inda mata suka riƙa tura wa juna. Ranar Laraba ya kai ga Walid. Kowa ya sha jinin jikinsa, aka ce yau Badaru zai kwashe alƙalumansa. Ina! Walid dariya ya yi har yana buga tebur, ya aiko aka karɓi kwalin ya sa aka rataye masa a ofis. Ya fito da kansa ya tsaya a zaure ya ce shi bai san abin ya yi tsanani haka ba, ai da mushrif ya gaya masa. A take ya sa aka fito da kujerun daga sito. Da zai koma ya dafa kafaɗar Bakri a gaban kowa ya kira shi Abu Karasi, wato uban kujeru, aka kwashe da dariya. Sunan ya manne.

Badaru ya zama gwarzo. Khalilu ya kawo masa shayi da hannunsa yana sa masa albarka, direbobi na ɗago masa hannu daga cikin mota. Ya koma gida yana tafiya kamar wanda ya ci zaɓe, ya kira Asma ya nuna mata a waya, ya ce ta rubuta a littafinta cewa Jaridar Tsiya ba ta mutu ba, ta yi hijira ne zuwa Madina, kuma fitowa ɗaya ta yi ta ci nasara. Asma ta daɗe tana kallon hoton. Ta ce zanen ya fi na wasu da yawa da take ajiyewa a wurin aikinta. Sannan ta tambaya, a hankali, ko Baffa Bakri ya gani kafin sauran mutane su gani. Bakri ne ya yanka ragon sunanta, shi ya kai ta makaranta ranar farko lokacin Badaru na kwance da zazzaɓi. Badaru ya ce ta bar wannan, shi da bawansa ba mai shiga tsakani.

Da safe ya tarar da Bakri a bakin ƙofar zaure, ya buɗe baki zai fara, sai Bakri ya riga shi. Ya miƙo hannu ya ce, "Malam Badaru, barka da asuba. Ya iyali? Ya baƙuwarmu?"

Malam Badaru. Tunda suke bai taɓa jin wannan daga bakin Bakri ba. Ya yi ta maza ya ce yau kuma bawa ya koyi ladabi, ko an yi masa wahayi ne cikin dare? Bakri ya yi ɗan murmushi irin wanda ake yi wa mai saye, ya ce Allah ya ba da sa'ar aiki, ya wuce. Ranar sau biyu Badaru yana ɓata sunan wani babban mutum a kan akwati.

Asabar ta zo, ya tsaya a inda suka saba haɗuwa har rana ta fito, bas na zuwa na wucewa. Ya tafi Ƙuba shi kaɗai. Mai ful ya tambaye shi ina abokin faɗansa, ya ce yana tafe, ya yagi tamis ya ajiye. A wurin aiki kuwa ba abin da za ka kama ka ce ga laifi. Bakri na gaishe shi kullum, gaisuwa cikakkiya har da tambayar gajiya. In akwatuna sun zo yakan kawo masa da kansa ya ce don Allah in ba damuwa. Badaru ya jefa tsokana iri-iri, ta tumbi, ta hula, ta Damagarawa da ba su iya ciniki ba, duk suka faɗi ƙasa ba wanda ya ɗauka. Ya gane cewa a duniya ba abin da ya kai ladabin abokin wasa ciwo. Kewar zagin Bakri yake ji kamar yunwa.

Ƙaltume ta gaji da ganinsa yana juya abinci a kwano, ta ce shi dai girma ya zo masa hankali bai iso ba, ya tashi ya je gidan mutumin nan tun abin bai yi tsatsa ba. Asma na haɗa kayan komawa, sai ya tambaye ta, kamar ba da wata manufa ba, wai su mutanen Jaridar Tsiya da suka ɓata, sun shirya daga baya? Ta ce jam'iyyun dai wasunsu sun sake haɗewa bayan shekaru. Mutanen kuwa, wasu sun shirya, wasu har suka mutu in sun haɗu a titi sai dai kowa ya ɗaga wa ɗan'uwansa hula.

Ranar Juma'a bayan la'asar ya shiga mota ya nufi gidan Bakri, can bayan Masallacin Ƙuba kusa da tsoffin gonakin dabino. Gidan da ya saba faɗawa har kicin yana buɗe tukwane, yau sai aka buɗe masa majalisar baƙi, mai sabuwar darduma da matasan jingina da ba a cire wa leda ba. Bakri ya shigo da butar gahawa a hannun hagu, ya zuba masa a ɗan finjali ya miƙa da dama, ya tura masa farantin ajwa. Suka gaisa, suka sake gaisawa. Aka yi maganar sanyi, da tafiyar Asma, da yawan baƙin bana.

Badaru ya ajiye finjalin ya ce, "Haba Bakri. Ni da kai? Tun yaushe Badamagare ya fara fushi da Bakano?"

"Ba fushi nake ba," in ji Bakri. "Tambaya ɗaya zan yi maka, kuma ka tuna a garin Manzo muke. Abin nan da ka zana, wasa ne, ko haka kake gani na?"

Kalmar tana kan harshen Badaru. Wasa ne. Da ya faɗe ta, Bakri ba shi da yadda zai yi sai ya karɓa, haka aka gada, wanda ya yi fushi da wasa shi ne abin dariya. Amma ya tuna ƙafafun Khalilu, ya tuna yadda ya danna alƙalami da ƙarfi sa'ad da yake zana idanun nan da suka juya gefe, har kwalin ya kusa hudewa. Ba da dariya ya zana idanun ba.

Ya ce, "Haka na gan ka."

Bakri ya gyaɗa kai, kamar wanda likita ya gaya wa abin da dama ya sani. Ya ce da Badaru ya ce wasa ne, da ya raina shi. Daga nan ya yi magana a natse, ba ɗaga murya. Ya ce Walid ne ya ba da umarnin kwashe kujerun. Ya yi masa musu sau ɗaya, yaron ya tuna masa sunan wa ke kan iƙamarsa, takardar izinin zamansa a ƙasar, shi kuma ya ja bakinsa ya yi shiru, domin yana da iyali kuma ba shi da wata ƙasar da zai koma ya gane hanya. Walid ya umarce shi ya sayar da kujerun, shi kuwa ya ɓoye su a sito. Bai ce ba shi da laifi ba. Ya ga ƙafafun Khalilu kamar yadda kowa ya gani, ya kau da kai, wannan kam an zana shi daidai. Ya ce shekaranjiya jikarsa Nadiya ta dawo daga makaranta ta tambaye shi da Larabci, a gaban surukansa, me ya sa ake ce masa Abu Karasi.

"Duk wannan zan iya ɗauka," ya ce. "Abin da ya tsaya mini a wuya daban ne. A duk Madina kai kaɗai Allah ya ba ikon ka kama gemuna ka gaya mini wannan magana in haɗiye. Asabar nawa muka sa hannu a kwano ɗaya bayan an kwashe kujerun? Ka yi ta zagin tumbina. Da ka ce, kai bawa, mayar wa Khalilu kujerarsa, da kunya ta kama ni, da na koma wa yaron nan ko da zai kore ni. Don wannan ranar aka bar mana wasan, Badaru. Sai ka gaya wa kwali, kwali ya gaya wa duniya."

Hawaye Badaru ya ji suna bin gemunsa, bai share ba. Ya roƙi Bakri ya yafe masa don Allah. Bakri ya ce ai tun ranar ya yafe, yafiya ba ta da wuya, kuma teburinsa na nan ba mai taɓa shi muddin yana mushrif. Badaru ya tambaya, murya ƙasa-ƙasa, ko gobe Asabar zai same shi a bakin titi. Bakri ya ce Masallacin Ƙuba na kowa ne, in Allah ya haɗa su a sahu za su gaisa.

Sannan ya miƙe ya shiga ciki, ya dawo da kaskon turare yana hayaƙi. A garin nan kowa ya san in mai gida ya kawo wa baƙo turaren wuta, zama ya ƙare. Badaru ya karɓa da hannu biyu, ya kara a gemunsa, ya buɗe wuyan rigarsa hayaƙin ya shiga, ya mayar. Turare ne mai tsada, irin wanda ake ajiye wa manyan baƙi. Bakri ya raka shi har bakin ƙofar waje, ya riƙe hannunsa ya yi masa godiyar ziyara, ya ce ya gaida Hajiya Ƙaltume, Allah ya sauki Asma lafiya.

Badaru ya taka a hankali, ya fi yadda gwiwarsa ke bukata, kunnensa na baya, ko za a jefo masa kalma ɗaya, ko ta rashin kunyar Kanawa ce. Ya kusa kai kwanar layin ya ji an mayar da ƙofa a hankali.